Yadda ake fatsar kifi mai zane a Kogin Hudson idan bazara ta shigo

Duk wanda ya tashi a bakin Kwara ko Binuwai ya san kogi hanya ɗaya yake bi: ka jefa kara, ya tafi ke nan. Kogin Hudson na jihar New York a Amurka ba haka yake ba. Ranar da na fara zama a gaɓarsa a garin Beacon, wani gungumen itace ya wuce ta gabana da hantsi ya nufi kudu, bayan Azahar sai ga shi yana dawowa ya nufi arewa. Teku ce ke turo ruwan tana janye shi sau biyu a rana, kuma ƙarfinta yana kaiwa har madatsar ruwa ta garin Troy, kusan kilomita 245 daga bakin teku. Mutanen asalin wurin ma sunan da suka raɗa masa ma'anarsa kogin da ke gudu ta hanya biyu. Wanda bai fahimci wannan ba zai iya sayen kayan fatsa mafi tsada ya kwana a bakin ruwa ya koma gida hannu rabbana.

Kifin da ake nema shi ne wanda masuntan can ke kira striper, mutanen Maryland kuma su ce rockfish. Ni dai mai zane nake ce masa, saboda layuka bakwai zuwa takwas baƙaƙe da suka ratsa farin jikinsa daga kai zuwa wutsiya. A ƙira da mafarautan hali yana tuna mini giwan ruwa. A teku yake rayuwa, amma ba ya zuba ƙwai sai a ruwan daɗi, don haka kowace bazara yakan hauro manyan koguna: waɗanda ke zuba a mashigin tekun Chesapeake irin su Potomac da Choptank, sai Delaware, sai Hudson. Bazarar can ba irin tamu ba ce mai zafi. Lokaci ne da ƙanƙara ta narke, itatuwa suka fara toho, ruwa kuma yana nan da sanyinsa. Kifin yakan fara bayyana a kudancin kogin, wajen da ke kusa da teku, daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu, ya yi ta haurowa, kasuwar ta cika a watan Mayu tsakanin Newburgh da Kingston da Catskill har zuwa Troy.

Takardu da doka

Kafin ka sayi ko ƙugiya ɗaya, ka shiga shafin hukumar kula da muhalli ta jihar, wadda ake kira DEC, ka yi rajistar masu kamun kifin teku. Kyauta ce, kuma ta wajaba a kan duk wanda ya kai shekara 16. A arewacin gadar George Washington da ke birnin New York ana buɗe kamun mai zane ranar 1 ga Afrilu a rufe 30 ga Nuwamba. Kifi ɗaya tak aka yarda ka tafi da shi a rana, kuma tun 2024 dole tsawonsa ya faɗa tsakanin inci 23 da 28, wato wajen santimita 58 zuwa 71. Wanda bai kai ba ka mayar, wanda ya wuce ma ka mayar. Dokar teku daban take da ta kogi, kowace jiha kuma da tata, kuma ana yawan sauya su, saboda haka duk shekara ka sake dubawa. Ka sa tef ɗin awo a aljihu. Jami'an hukumar suna zagayawa, kuma ba sa karɓar "ban sani ba".

Karatun ruwa

A nan ne aikin yake, kuma a nan zan daɗe.

Teku takan ciko ta janye sau biyu cikin sa'a 24 da minti 50. Ke nan ruwa yana haurawa kusan sa'a shida, ya ɗan tsaya, ya gangara kusan sa'a shida, ya sake tsayawa. Kowace rana lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50. Idan yau ruwa ya cika da ƙarfe bakwai na safe, gobe sai wajen takwas saura, bayan mako guda kuwa a wannan lokacin ruwan a janye zai kasance. Shi ya sa ba a cewa "ƙarfe kaza kifi ke ci" a irin wannan kogi. Hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, wato NOAA, tana wallafa jadawalin cikowa da janyewa kyauta a intanet, amma ka nemi na garin da za ka tsaya, domin cikar da aka yi a birnin New York takan ɗauki sa'o'i da yawa kafin ta isa Albany, babban birnin jihar da ke can arewa kusa da Troy.

Akwai wani abu da jadawalin ba ya nunawa kai tsaye. Lokacin da aka rubuta ruwa ya cika ba lallai shi ne lokacin da ya daina gudu ba. A wurare da dama na Hudson ruwan yakan ci gaba da haurawa na ɗan lokaci bayan ya kai ƙololuwa, haka ma bayan ya gama janyewa. Don haka ka haɗa da ido. Ka dubi tulun alamar hanya da ke tsakiyar kogi, ɓangaren da ya karkata shi ne inda ruwa ya nufa. Ka dubi ganye da tarkace a kan ruwa. Idan suka fara shawagi wuri ɗaya, ruwa ya tsaya.

Me ya sa gudun ruwa ke da muhimmanci haka? Mai zane ɗan kwanton ɓauna ne. Yakan laɓe a bayan dutse ko ginshiƙin gada ko gangaren ƙasan kogi, inda ruwa ke da sauƙi, ya fuskanci inda ruwan ke zuwa, yana jira a kawo masa ƙananan kifayen da gudun ruwa ya fi ƙarfinsu. Idan ruwa ya tsaya cik, abincin ya warwatse, shi ma ya kwanta. Idan kuma gudun ya yi tsanani, abincin ƙugiyarka ba ya zama a ƙasa, ciyayi kuma su cika maka zare. Ni lokacin da na fi amincewa da shi shi ne sa'a ɗaya da rabi kafin ruwa ya juya da sa'a biyu bayan ya juya. Idan Allah ya sa wannan ya dace da ketowar alfijir ko faɗuwar rana, to kada ka bari ranar ta wuce ka. Ka yi Asuba a bakin kogi in ta kama.

Mu da muke bin lissafin wata muna da wata riba da yawancin masuntan can sai sun duba waya suke samu. Wata ne ke jan teku. A kwanakin tsayuwar wata da daren sha huɗu cikowa takan yi yawa, janyewa ta yi nisa, gudun ruwa ya yi ƙarfi. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuwa ruwan yakan yi laushi. Idan ka san kwanan wata, ka san nauyin dalmar da za ka ɗauko tun daga gida.

Sai zafin ruwa. Idan bai kai digiri 10 a ma'aunin Salshiyos ba, wato 50 a ma'aunin da Amurkawa ke amfani da shi, kifin yana nan amma jikinsa a mace, a hankali yake ci. Daga 10 zuwa 14 shi ne lokacin cin gaske. Da ya haura haka zuwa wajen 18 sai zuba ƙwai ya kankama, manyan mata su rage kula abinci na ɗan lokaci. Ruwan sama mai yawa a tsaunuka yakan turo jan ruwa mai sanyi ya lalata kwana biyu ko uku. Idan ruwa ya yi laka haka, ka dogara da abinci mai ƙarni, domin da hanci kifin zai nemo shi.

Inda za ka tsaya

Kifin ba ya cika kogin ko'ina. Babbar hanyarsa ita ce gefen zurfin da jiragen kaya ke bi, inda ƙasa ke gangarawa daga ƙafa 10 zuwa 25 ko 30. Sai bakin ƙananan koguna da ke zubowa: Croton, Wappinger, Rondout a Kingston, Esopus a Saugerties, da na Catskill. Nan ne ƙananan kifayen da yake ci ke taruwa don su ma su shiga su zuba ƙwai. Da dare ko da sassafe, in ruwa ya ciko, yakan hau faƙo-faƙon ruwa mara zurfi yana farauta, in ruwa ya fara janyewa ya koma gangare.

Ga 'yan'uwanmu da ke unguwannin Bronx da Harlem a birnin New York, ba sai kana da mota ko kwale-kwale ba. Jirgin ƙasa na Metro-North yana bin gaɓar kogin har Poughkeepsie. Ka sauka a Croton-Harmon ka taka zuwa Croton Point a farkon Afrilu, in an shiga Mayu ka ƙara gaba zuwa Beacon. Shawarata ka fara zuwa wurin ba tare da sanda ba, lokacin da ruwa ya janye ƙarshe. A lokacin ne za ka ga duwatsu da tsofaffin turaku da ramukan da ruwa ke rufewa, ka san inda ƙugiya za ta maƙale da inda kifi zai laɓe. Layin dogo ya bi gaɓa biyun kogin. Tsallaka shi inda ba mashiga laifi ne, kuma jiragen suna zuwa da gudu ba tare da ka ji su da wuri ba.

Kayan aiki da ɗaurin ƙugiya

Daga gaɓa kana bukatar sanda mai ƙafa 9 ko 10 don jifa mai nisa. A kwale-kwale mai ƙafa 7 ta isa. Manaɗin zare ya zama irin mai sakin zare a hankali idan kifi ya ja. Zaren ya zama saƙaƙƙe mai ɗaukar laba 30 zuwa 40.

Ɗaurin da kowa ke yi mai sauƙi ne. Ka zura 'yar zoben roba mai maƙala a babban zaren yadda za ta riƙa zamewa, ka rataya dalma a jikinta. Ka sa ɗan dutsen ado ɗaya a bayanta don kada ta riƙa dukan ƙulli. Ka ɗaura ƙarfen nan mai juyawa da ke hana zare murɗewa, sannan zaren roba garai-garai mai tsawon ƙafa biyu zuwa uku, sannan ƙugiya. Hikimar ita ce idan kifi ya ɗauki abincin, zaren ne ke zamewa ta cikin zoben, dalmar tana zaune a ƙasa, bai ji nauyin da zai sa ya tofar ba. Dalmar kuwa ka riƙe daga oza 2 har 6. Ka fara da mara nauyi. In ka ga zarenka yana tafiya da ruwa ka ƙara, har ta zauna.

Tun 2021 doka ta ce duk mai fatsar mai zane da abinci na gaske, kifi ne ko tana, dole ya yi amfani da ƙugiya mai da'ira, wadda tsininta ya lanƙwaso ciki yana kallon jikinta, kuma bai karkace gefe ba. Lamba 3/0 ko 4/0 don tana, 7/0 ko 8/0 don yankan kifi.

Abincin ƙugiya

A farkon lokaci, ruwa na da sanyi, ba abin da ya kai jar tanar teku da ake sayarwa a shagunan kayan su. Tana da tsada kuma tana cizo, ka kama ta ta bayan kai. Ka zura ta a ƙugiya ka bar jela tana lilo. Ƙananan kifaye za su yi ta sace maka ita, wannan dole ne.

Da ƙananan kifayen da ake kira herring suka shigo, wajen tsakiyar Afrilu, komai ya koma kansu, don su mai zane ke bi. A Hudson an yarda mutum ya riƙe guda 10 a rana, daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni. A wasu jihohin an hana gaba ɗaya. Ana kama su da zare mai ƙananan ƙugiyoyi masu ƙyalli jere, ko da koma mai kusurwa huɗu a babban kogin, amma a cikin ƙananan kogunan ba a sa koma. Na taɓa tsayawa kusa da wani dattijo yana wannan aikin: ya nutsar da komarsa a gefen gaɓa, ɗansa ya jefa kifin roba yana jawowa a hankali, sai ga herring uku sun biyo robar a baya kamar zakaru sun ga kaza, har kan komar, dattijon ya ɗaga. Kada ka ɗauki wanda ka kama a nan ka kai wani ruwa. Kuma ka koyi bambanta shi da ɗan'uwansa shad, wanda aka hana kamawa a kogin tun 2010.

Ɗanye sabon kamu ya fi wanda ya kwana a firiza nesa ba kusa ba. Ka ajiye shi a kan ƙanƙara, kada ya jiƙa a ruwanta. Ka yanka shi gunduwa uku ko huɗu, ka jefar da wutsiya don tana sa abincin juyawa a ruwa. Gunduwar kai ita manya suka fi ɗauka, tarwaɗar can kuma ba ta cika damunta ba. Ka soka ƙugiyar a gefe ɗaya na gunduwar, tsinin ya fito sarai, ka cire ɓawon da ya maƙale a kansa. Mutanenmu sun saba ɓoye ƙugiya cikin abinci. Da wannan ƙugiyar in ka ɓoye tsini ba za ta kama ba. Duk minti 15 zuwa 20 ka sauya, don ruwa ya wanke jinin da ƙarnin. Mai rai kuwa ta hanci ake soka shi ko gaban ƙayar baya, kuma ba ya jimawa a bokiti sai ana sabunta masa ruwa.

Idan ya ci

Ka jefa ɗan sama da inda kake so abincin ya zauna, ka bari dalma ta taɓa ƙasa, ka ɗan ja zare ya miƙe, ka kafa sanda, ka buɗe masakin zare. Ƙananan taɓe-taɓe ba naka ba ne. Na mai zane daban yake: kan sanda ya yi sallama sau ɗaya ko biyu, sai zare ya fara fita yana ƙara.

A nan ne hannu ke cin amanar wanda ya saba fatsa a gida, domin jikinka zai ce ka fizga. Kada ka fizga. Na yi asarar babban kifi a kan haka a shekarata ta farko, ƙugiyar ta fito fes da gunduwar a jikinta. Ƙugiya mai da'ira an ƙera ta ne ta zamo daga maƙogwaro ba tare da ta kama komai ba, sai ta zo kusurwar baki ta juya ta shige. Abin da za ka yi shi ne ka ɗauki sanda, ka ƙirga uku zuwa biyar, ka nuna kanta wajen kifin, ka fara naɗewa a natse har ka ji nauyi ya zauna, sannan ka ɗaga. Gudun farko ka bar shi ya yi. In ya tsaya, ka ɗaga sanda, ka sauke kana naɗewa, kada zare ya yi sako-sako ko sau ɗaya. Amma kada ka ja faɗan da tsawo don jin daɗi. Kifin da ya galabaita ƙwarai da wuya ya rayu bayan an sake shi. Da koma ake ɗauko shi, an hana soke shi da ƙugiyar hannu.

Sakin manya

A watan Mayu akasarin manyan da za ka kama mata ne cike da ƙwai, babba guda tana iya ɗauke da miliyoyi. A 2014 an kama mai laba 60 a wannan kogin. Irin wannan kifin ya taɓa kusan ƙarewa: sai da majalisar Amurka ta yi doka a kansa a 1984, Maryland ta rufe kamunsa gaba ɗaya daga 1985 har 1990, kafin a ce ya farfaɗo a 1995. A 2019 aka sake bayyana cewa an kama shi fiye da kima, kuma yanzu ana ƙoƙarin maido da shi kafin 2029. Masu lissafin hukuma suna ɗaukar cewa 9 cikin kowane 100 da aka saki suna mutuwa. Rage wannan adadin a hannunka yake.

Ka tanadi filaya kafin kifi ya iso. In zai yiwu ka cire ƙugiyar yana cikin ruwa. In za ka ɗaga shi, ka jiƙa hannu don kada ka goge yauƙin jikinsa, hannu ɗaya a leɓen ƙasa, ɗaya a ƙarƙashin ciki, a kwance. Kada ka rataye uwa mai ƙwai ta baki, kada ka sa yatsa a kunnenta inda take numfashi, kada ka kwantar da ita a kan duwatsu. In ƙugiya ta shige ciki, ka yanke zare kusa da baki ka bar ta. Sannan ka riƙe ta a ruwa, kanta yana fuskantar inda ruwa ke zuwa, har ka ji ta matse maka babban yatsa da bakinta ta kaɗa wutsiya. Wannan matsewar ita ce alamar ta dawo hayyacinta.

Ci da tsaron rai

Wanda ya faɗa cikin awo ma ka yi tunani kafin ka kai shi tukunya. Daga 1947 zuwa 1977 masana'antun General Electric a garuruwan Hudson Falls da Fort Edward da ke arewacin Troy sun zuba sinadari mai guba da ake kira PCB a kogin, har aka rufe kamun mai zane na kasuwa a 1976. An yashe lakar kogin a arewacin Troy tsakanin 2009 da 2015, amma sinadarin yana nan a kitsen kifi. Ma'aikatar lafiya ta jihar tana fitar da shawara yanki-yanki, a kudancin madatsar Troy ta fi tsanani tsakanin Troy da Catskill, kuma ta fi tsanani ga yara da matan da ke shekarun haihuwa. Ka karanta ta kafin ka kawo wa iyali. In za ka ci, ka feɗe fata, ka yanke kitsen ciki da baƙin naman gefe, ka gasa yadda man zai ɗige. Farfesu da miya su ne mafi rashin dacewa a nan, domin man a cikin romon yake zama.

Mai shiga kwale-kwale ya sani ruwan Afrilu yana sandarar da hannu cikin mintuna. Doka ta wajabta sa rigar ceto daga 1 ga Nuwamba zuwa 1 ga Mayu a duk jirgin da bai kai ƙafa 21 ba, ni kuwa har ƙarshen Mayu ba na cirewa. Kada ka jefa anga tsakanin jajayen tuluna da koraye, hanyar manyan jiragen kaya ce masu zuwa Albany, kuma ba sa iya tsayawa dominka. Angar ta gaba ake ɗaure ta, ba ta baya ba, ka saki igiya mai tsawo, ka bar fili don jirgin zai juya gaba ɗaya idan ruwa ya juya. Iskar kudu in ta haɗu da ruwa mai gangarawa takan ta da igiyoyi gajeru masu tsini. Da ka ga ta fara, ka nufi gaɓa.

Ka riƙe ɗan littafi. Duk fita ka rubuta wuri, kwanan wata na Musulunci da na Bature, zafin ruwa, ko yana haurawa ko yana gangarawa, da sa'ar da aka ci. Farkon Yuni manyan za su gangara su fita teku, su bi gaɓa zuwa Long Island da Massachusetts, herring ma su tafi. Shafukan da ka cika su za su gaya maka ranar da za ka nemi hutu a wurin aiki a watan Mayu na baɗi, da jirgin ƙarfe nawa za ka hau.